Tambayoyinku: Dokar ma'adinai ta Turai da takardun da ake tambayar ɗan kasuwar Nijar

Wasiƙun da suka taru mana a wannan wata sun karkata zuwa magana guda, wato dokokin da manyan ƙasashe ke kafawa a kan ma'adinai, da yadda suke taɓa mai saye da sayarwa a Yamai ko a Tawa. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan fili.

Tambaya ta farko, daga wani Alhaji mai fitar wa ƴan kasuwa kaya a duwan, Yamai: Ina jin ana ta maganar wata doka da Tarayyar Turai ta kafa a kan ma'adinai masu muhimmanci. Mene ne a cikinta, kuma shin ta hau kanmu mu da muke aiki a nan?

Alhaji, dokar ba ta hau kanka ba, domin babu wani alƙali a Turai da zai kira ka a kanta, amma za ta iso ka ta hannun wanda kake ciniki da shi, kuma wannan hanyar ta fi sammaci saurin isowa. Dokar da kake nufi ta fara aiki ranar 23 ga Mayu 2024. Ta jera ma'adinai 34 da Tarayyar ke ganin masana'antunta ba za su yi tafiya ba sai da su, alhali samunsu na iya yankewa a kowane lokaci, sannan daga cikin 34 ɗin ta ware 17 ta ce su ne ƙashin bayan motoci masu lantarki, da injinan iska da allunan sola, da kayan yaƙi da na sararin samaniya. A cikinsu akwai litiyum da kobal da nikel da girafit da ake yin batir da su, akwai jan ƙarfe, akwai boksit da ake fitar da alminiyum daga cikinsa, akwai kuma ma'adinan da ake ƙera mayen ƙarfe mai tsananin ƙarfi da su.

Abin da Turawan suka ɗora wa kansu shi ne, kafin shekarar 2030 su riƙa haƙo kashi 10 cikin 100 na abin da suke buƙata a shekara daga cikin ƙasarsu, su tace kashi 40 a masana'antunsu, su samo kashi 25 daga tsofaffin kayan da aka sake narkewa, kuma kada wata ƙasa guda ta waje ta riƙe musu fiye da kashi 65 na kowane ɗaya daga cikin ma'adinan nan 17. Ba a ambaci sunan kowa a wannan sharaɗi na ƙarshe ba, amma kowa ya san da Sin ake, domin ita ce ke tace mafi yawan waɗannan ma'adinai a duniya, kuma ta riga ta nuna cewa tana iya rufe famfo. A watan Agusta 2023 ta sa wa galiyum da jarmaniyum sharaɗin neman izini kafin a fitar da su, a watan Disamba na shekarar ta ƙara da girafit, a 2024 antimoni ya biyo baya, a watan Afrilu 2025 kuma ta ƙara da wasu daga cikin ma'adinan mayen ƙarfe. Turai kuwa ba ta manta abin da ya same ta a 2022 ba, lokacin da iskar gas ta Rasha ta yanke bayan an fara yaƙin Yukiren, aka ga yadda dogaro da mai sayarwa guda yake durƙusar da masana'antu.

Domin a cim ma waɗannan adadi, dokar ta ƙirƙiro abin da ta kira ayyuka na musamman, waɗanda ake gaggauta musu izini: aikin haƙa ba zai wuce wata 27 yana jiran takarda ba, na tacewa ko sake narkewa kuma wata 15. A watan Maris 2025 aka zaɓi ayyuka 47 a cikin ƙasashen Tarayyar, a watan Yuni kuma aka ƙara 13 a waje, daga ciki har da na Malawi da Madagaska da Zambiya da Afirka ta Kudu. Babu na Nijar a ciki.

Inda maganar ta iso ka, Alhaji, shi ne wajibin da dokar ta ɗora wa manyan kamfanonin da ke ƙera batir da makamantansa, masu ma'aikata fiye da 500 da cinikin da ya haura yuro miliyan 150 a shekara, cewa duk bayan shekara uku su binciki hanyar da ma'adinansu ke bi tun daga rami har zuwa masana'anta, su gano inda za ta iya tsinkewa. Kamfanin da aka ce ya san asalin kayansa ba shi da wata dabara sai ya tambayi wanda ya sayar masa, shi ma ya tambayi nasa, a haka tambayar ke gangarowa har ta kai ga mai kamyo da mai cika takardar duwan. Saboda haka idan ka fara ganin abokan hulɗa na waje suna aiko maka da dogayen takardun tambayoyi a kan inda kaya suka fito da iyakokin da suka ratsa, ba ƙeta suke yi maka ba, su ma an matsa musu ne. Mai irin aikinka da ya iya cika waɗannan takardu daidai, ya kuma adana kwafin kowace shaida, shi za a riƙa nema.

Tambaya ta biyu, daga wani malamin lakwal a Tawa: Na duba jerin ma'adinan sai ban ga uraniyum ba. Yaya za a ce ƙarfen da muka shafe shekaru fiye da 50 muna ba Faransa ba shi da muhimmanci? Kuma mu a jihar Tawa muna da wani abu a jerin?

Malam, ka duba daidai, uraniyum ba ya ciki, zinariya ma ba ta ciki. Dalilin ba raini ba ne: dokar ta taƙaita ne ga ma'adinan da ba makamashi ba ne, shi kuwa uraniyum a wajen Turawa makamashi ne, kuma yana da tasa hukumar da ke kula da sayensa a ƙarƙashin yarjejeniyar makamashin nukiliya ta Turai, wato Euratom, ta 1957. Muhimmancinsa gare su ba ɓoyayye ba ne, tunda a 2022 kusan kashi ɗaya bisa huɗu na uraniyum da Tarayyar ta saya daga Nijar ya fito. Abin lura shi ne kowace ƙasa tana rubuta nata jeri ne gwargwadon abin da take tsoron rasawa. Amurka ta sa uraniyum a jerinta na 2018, ta cire shi a 2022, ta sake mayar da shi a 2025, alhali ƙarfen bai sauya ba ko kaɗan.

Ku mutanen Tawa kun fi kowa sanin yadda hanyar ma'adini take, domin ta ƙofarku yake wucewa. Tun da kamfanin SOMAIR ya fara fitar da uraniyum a Arlit a 1971, COMINAK kuma ya biyo baya a Akuta a 1978, kamyoyi suka riƙa ɗauko gangunan garin uraniyum su biyo hanyar Arlit zuwa Tawa, su gangara Gaya su shiga Benin, daga Paraku jirgin ƙasa ya kai su tashar ruwa ta Kwatano. Hanya guda ce, tashar ruwa guda ce, kuma da aka rufe iyakar Benin bayan sauyin mulki na Yuli 2023 sai aka ga kaya sun taru a Arlit babu mafita. An rufe COMINAK a ƙarshen Maris 2021, gwamnati ta janye izinin haƙar uraniyum a Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa a watan Yuni 2024, a watan Yuni 2025 kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya a wannan takaddama, ba zai musa cewa mai sayarwa ma yana shiga haɗari idan hanyarsa guda ce kuma mai sayensa guda ne ba, wato irin haɗarin da Turawa ke gudu da sharaɗinsu na kashi 65.

Game da jiharku kuwa, akwai abu guda a jerin, shi ne dutsen fosfat da ake yin takin zamani da shi. Fosfat na Tawa sananne ne ga masana aikin gona, an daɗe ana niƙa shi ana gwada shi a gonakin hatsi. Amma ba na so ka ɗauki shigarsa jeri a matsayin albishir na arziki. Maroko ce ke riƙe da kusan kashi 70 na fosfat ɗin da aka sani a duniya, tana bakin teku daf da Turai, mu kuwa muna da nisan fiye da kilomita 1000 daga tashar ruwa mafi kusa, kuma fosfat kaya ne mai nauyi mai arha, kuɗin kamyo kaɗai zai cinye ribarsa. Bayan haka, tun 2022 Tarayyar ta ƙayyade yawan gubar kadmiyum a takin fosfat mai ɗauke da hatiminta, kada ta wuce miligiram 60 a kowane kilo na sinadarin. A ganina kasuwar fosfat ɗin Tawa tana gonakin Adar da Gobir da Damagaram, inda ƙasa ke fama da ƙarancinsa, manomi kuma ke sayen buhun taki da aka yi fito daga ƙetare da tsada.

Tambaya ta uku, daga wani Alhaji mai sayen zinariya, Yamai: Shekaru ina kai zinariya wata matata a Dubai ba tare da matsala ba. Yanzu sun ce sai na kawo shaidar ramin da aka haƙo ta da sunayen waɗanda na saya a hannunsu, in ba haka ba ba za su karɓa ba. Tunda zinariya ba ta cikin jerin Turawa, ina ruwansu da wannan?

Alhaji, tambayarka ta fi sauran nauyi, domin kai abin ya riga ya taɓa aljihunka. Wata doka ce daban ta kama ka, kuma ta girmi wadda muka yi magana a kanta. Tushenta yaƙin gabashin Kongo ne, inda ƙungiyoyi masu makamai suka riƙa ciyar da kansu da kuɗin ma'adinai huɗu: kuza, da tantal, da tungstan, da zinariya. Amurka ta fara da dokar Dodd-Frank a 2010, wadda ta tilasta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jarinta su bayyana ko ma'adinansu daga Kongo da maƙwabtanta suka fito. A 2011 ƙungiyar OECD, ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, ta fitar da ƙa'idojin bincike waɗanda yanzu kusan kowa ke bi. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 2017, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021, kuma ita ba ta tsaya ga Kongo ba, ta haɗa duk yankin da ke fama da rikici ko babban haɗari a ko'ina cikin duniya. Duk mai shigar da zinariya da ta kai kilo 100 a shekara cikin Tarayyar ya shiga ƙarƙashinta. Hadaddiyar Daular Larabawa, wadda aka daɗe ana zargi da karɓar zinariya ba tambaya, ita ma ta kafa wa matatunta irin waɗannan ƙa'idoji, suka fara aiki a farkon 2023. Matatar da kake hulɗa da ita tana so ta sayar wa bankuna da kasuwar Landan, can kuwa ba a karɓar sandar zinariya sai daga matatar da masu bincike na waje suka tantance.

Ya kamata ka san abin da suke nema a zahiri, domin yawancin ƴan kasuwarmu suna zaton ana so ne su rantse cewa zinariyarsu ba ta da aibi ko ɗaya, kuma ba haka ba ne. Ƙa'idojin sun raba haɗarin gida biyu. Akwai wanda ba a yin sulhu a kansa: idan kuɗin zinariya yana shiga hannun ƙungiya mai makamai, ko ta hanyar harajin da take karɓa a rami ko a kan hanya, ko kuma ana aikin tilas, ko ana sa ƙananan yara aiki mai haɗari kamar shiga rami, to wajibi ne mai saye ya yanke hulɗa nan take. Akwai kuma wanda ake ba da lokacin gyara, kamar rashin biyan haraji, da cin hanci, da ɓoye asalin kaya, inda ake yarda a ci gaba da ciniki muddin an ga ci gaba na zahiri cikin wata shida. Ma'ana, ƙa'idojin ba su haramta zinariyar haƙar gargajiya ba, ba su kuma haramta zinariyar Sahel ba, abin da suka ƙi shi ne a karɓi kaya a ce ba a san inda suka fito ba.

Wahalar a nan ƙasar ita ce yadda cinikin yake tafiya. Zinariyarmu ta fito ne daga wurare masu nisa da juna, daga Komabangu da sauran ramukan Liptako a yamma, zuwa Jado da Cibarakaten a arewa, waɗanda aka gano a 2014 jama'a suka yi ta tururuwa, kuma kafin ta iso Yamai ta ratsa hannaye uku ko huɗu, an narke ta an haɗa ta Tilaberi da ta Agadas a dunƙule guda. Da zarar an narke an haɗa, asali ya ɓace, babu takardar da za ta dawo da shi. Saboda haka gyaran yana farawa ne kafin wuta. Ka buɗe littafi, ko na takarda ne, wanda duk sayen da ka yi za a rubuta ranarsa da nauyinsa da kuɗin da aka biya da sunan mai sayarwa da lambar katinsa da sunan ramin. Ka raba zinariyar kowane yanki, kada a narke su tare, kowane dunƙule ya samu lambarsa da za a iya bi a koma littafin. Ka tabbata izininka na saye da na fitarwa daga ma'aikatar ma'adinai suna da rai bisa dokar ma'adinai ta 2022, ka adana takardun duwan da na haraji, kuma inda hali ya yi ka biya ta banki ko ta waya, domin tsabar kuɗi a jaka ba ta barin sawu. Idan akwai ramin da ka san hukuma ba ta iya zuwa, kuma ka san wa ke karɓar kuɗi a can, to ka bar zinariyarsa komai arharta, domin dunƙule guda daga can yana iya rufe maka ƙofa gaba ɗaya.

Na san za ka ce masu kawo maka ba za su yarda a rubuta sunansu ba, wasu don tsoron haraji, wasu don tsoron ɓarayi, kuma wannan gaskiya ce. Shawarata ita ce ka fara da waɗanda suka yarda, musamman ƙungiyoyin mahaƙa masu izini, ka ware zinariyarsu ka kai ta da cikakkiyar shaida ko da kaɗan ce, ka kuma nemi matatar ta rubuta maka a fili abin da take buƙata, domin ƙa'idojin da take bi sun ƙarfafa ta ta taimaki masu kawo mata kaya, ba ta kore su kawai ba. Ba zan ɓoye maka ra'ayina ba cewa akwai rashin adalci a rabon nauyin, tunda mai haƙa da ƙaramin ɗan kasuwa ne ke ɗaukar wahalar shaida, matata da banki kuma ke cin amfanin suna mai kyau. An ga illar haka a Kongo bayan 2010, lokacin da masu saye da yawa suka gudu daga yankin baki ɗaya, talakan da ke haƙa ya rasa kasuwa, sumoga ta ƙaru. Amma wanda ya ƙi takarda ba ya daina sayarwa, sai dai ya koma hannun mai sayen da ke rage masa farashi saboda ya san ba shi da wata ƙofa.

Abu guda da za a ƙara tambayarka nan gaba shi ne zaiba. Nijar tana cikin yarjejeniyar Minamata ta 2013 wadda ke neman rage amfani da zaiba a haƙar zinariya, kuma hayaƙin da ke tashi idan ana ƙona ta yana lalata jijiya da ƙwaƙwalwa, musamman ga mata masu ciki da yara. Ba mu manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Ko da babu Bature ko Balarabe da ya tambaya, wannan ya isa dalilin da mai saye zai so ya san yadda ake aiki a ramin da yake ci daga gare shi.

Tambaya ta huɗu, daga wata Hajiya mai shagon kayan sola, Yamai: Shin waɗannan dokoki za su sa batir da allunan sola su yi tsada? In tara kaya tun yanzu?

Hajiya, ban ba ki shawarar tara kaya saboda dokar Turai ba. Kayanki daga Sin suke zuwa, ita ce ke ƙera fiye da kashi 80 na allunan solar duniya, kuma dokar ba ta shafi abin da ake sayar wa Nijar ba. Farashin litiyum ya hau ƙololuwa a ƙarshen 2022, daga nan ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin shekaru biyu saboda sababbin ramuka sun yi yawa, shi ya sa batiran litiyum suka yi sauƙi a kasuwa. Kobal ya yi tsada bayan Kongo, mai kusan kashi 70 na abin da ake haƙowa a duniya, ta dakatar da fitar da shi a watan Fabrairu 2025, amma yawancin batiran da ake haɗawa da sola a gidaje irin masu ƙarfe da fosfat ne, babu kobal a cikinsu. Abin da ke ƙara miki kuɗi shi ne hanya, tun da kaya suka koma biyowa ta Lome su ratsa Burkina Faso cikin ayarin da sojoji ke rakiya, ga kwanakin jira ga kuɗin ajiya a tasha. Batir kuma ba ya son dogon zama a sito mai zafi, yana rage ƙarfi tun kafin a sayar.

Inda zan ja hankalinki shi ne inganci. Dokar batir ta Tarayyar Turai ta 2023 ta tanadi cewa daga Fabrairu 2027 manyan batira za su riƙa ɗauke da shaidar da ake karantawa da waya, mai nuna abin da ke ciki da inda aka ƙera. Idan kasuwa guda ta tsaurara, kayan da suka kasa shiga can sukan nemi inda ba a tambaya, saboda haka ki riƙa neman takardar gwaji da garanti a rubuce, ki kuma kiyayi batiran da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka yi musu sabuwar riga. Tsofaffin batiran dalma da masu saye ke dawo miki da su kuwa, kada ki bari a fasa su a tsakar gida ko a zubar da ruwansu a lambatu.

Tambaya ta biyar, daga wata ɗaliba a jami'ar Abdu Mumuni: Idan Turai tana so ta tace kashi 40 a ƙasarta, ashe ke nan mu ci gaba da haƙa su kuma su ci gaba da tacewa. Wannan ba tsohon tsari ba ne da sabon suna?

Ɗiyata, kin kama maganar a inda take da ciwo. Dokar an rubuta ta ne don amfanin masana'antun Turai, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Ta ce aikin da za a zaɓa a wata ƙasa ta waje dole ya amfani ƙasar ta hanyar ƙara wa ma'adinin daraja a can, kuma an sa hannu kan yarjejeniyoyi da Namibiya a 2022, da Kongo da Zambiya a 2023, da Ruwanda a 2024, dukkansu ɗauke da irin wannan alkawari. Amma idan ƙasa ta ɗauki alkawarin da gaske sai rikici ya tashi. Indonesiya ta hana fitar da ɗanyen nikel daga Janairu 2020, Tarayyar ta kai ta ƙara hukumar ciniki ta duniya, kwamitin shari'a ya ba Tarayyar gaskiya a 2022, Indonesiya ta ɗaukaka ƙara ta ci gaba da abinta, kuma yau ita ce kan gaba a nikel, da masana'antun narkewa da yawancinsu jarin Sin ne.

Ƙasashen Afirka sun amince tun 2009 da wani tsarin bai ɗaya na ma'adinai da ke cewa a daina fitar da dutse ɗanye, wasu kuma sun fara aikatawa. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyum a watan Disamba 2022. Mali ta sake dokarta a 2023 ta ƙara kason gwamnati, ramin litiyum na Gulamina kuma ya fara aiki a ƙarshen 2024. A Nasarawa ta Najeriya an buɗe masana'antar sarrafa litiyum a 2024. Wannan shi ne abin da gasar manyan ƙasashe ta buɗe mana: a da mai saye guda ne yake faɗin farashi, yanzu Turai da Amurka da Sin da ƙasashen Larabawa duk suna nema, mai kaya yana iya gindaya sharaɗi.

Sai dai sharaɗi a takarda ba ya narka dutse. Abin da ya sa Indonesiya ta yi nasara shi ne ta gina tashoshin lantarki na gawayi kusa da masana'antun, da duk illar da hakan ya jawo wa daji da teku, kuma tana riƙe da kaso mai yawa na nikel ɗin duniya wanda ba a iya kauce masa. Tace ma'adini aiki ne mai cin wuta da ruwa da sinadarai da ƙwararrun ma'aikata. A Arlit ma, abin da ya daɗe yana riƙe da aikin mayar da dutse garin uraniyum a wurin shi ne tashar lantarki ta SONICHAR da ke ƙona gawayin Anu Araren tana aika wuta arewa. Sauran ƙasar kuwa, kafin 2023 kusan kashi 70 na lantarkinmu daga Najeriya yake zuwa, kuma mun ga duhun da aka shiga da aka yanke shi a watan Agusta na shekarar. Tashar sola ta Goru Banda mai megawat 30 da ta Malbaza mai megawat 7 sun rage zafi, amma ba su kai su ɗauki babbar masana'antar narkewa ba. Saboda haka idan kina so ki auna ko wata yarjejeniyar ma'adinai da za a sa wa hannu tsohon tsari ce ko sabo, ki duba ko an rubuta adadin da za a tace a cikin ƙasa da shekarar da za a fara, da wanda zai biya kuɗin wuta da hanya, da kuɗin da aka ajiye tun farko don gyara wurin idan an rufe rami, ki kuma bi labarin madatsar Kandaji da aka tsara za ta ba da megawat 130, da na gawayin Salkadamna a jihar Tawa, waɗanda har yanzu ana jiran wutarsu.